Gidan katako a dajin Minnesota: tankin gas na galan 250, 500 ko 1,000?

Ɗan_Zazzau_Duluth:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shan sanyin ƙasar nan. Allah Ya hore mini na sayi wani ɗan gidan katako a bayan gari, tafiyar minti arba'in a mota arewa da Duluth, jihar Minnesota. Wanda ya sayar mini dattijo ne da ke zuwa kamun kifi lokacin zafi kawai. Ganye na fara zuba sai ya tsiyaye ruwan famfo, ya garƙame ƙofa, sai baɗi. Ni kuwa tarewa zan yi da iyali, rani da damina. Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu. Faɗin gidan murabba'in ƙafa 900 ne, ɗaki biyu da falo.

Bututun gas na gari bai kai can ba, kowa da tankinsa na gas ɗin furofen a bayan gida. Abin da na tarar silinda biyu ne dogaye, masu laba 100, jingine da bango. Abubuwan da za su sha gas su ne injin ɗumama gida mai BTU 60,000 (BTU ma'aunin yawan zafi ne), tukunyar ruwan zafi mai galan 40, murhun girki mai kai huɗu, in hali ya yi kuma janareta. Na kira kamfani biyu. Ɗaya ya ce tankin galan 250 ya ishe ni tunda gidan ƙarami ne, ɗayan ya ce 500. Maƙwabcina da na tambaya dariya ya yi, ya ce in sa 1,000 in huta. To galan nawa zan ƙona a shekara, kuma wane tanki zan sa? Yanzu muna Agusta, so nake in gama da maganar nan kafin Oktoba.

Baba_Na_Bronx:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya sa rai aka yi wa. Amma ɗana, duk faɗin Amurka ka rasa inda za ka kai 'yar mutane sai dajin da ake haƙa rami a ƙanƙara a kama kifi? Mu nan mai gida ne ke kunna ɗumi, namu buga masa waya in ya yi rowa.

Ɗalibi_Ohio:
Yaya, lissafin ba wuya. Galan ɗaya na furofen yana ɗauke da BTU kusan 91,500. Injinka na cin 60,000 a awa, wato kashi biyu cikin uku na galan. A kwana galan 16 ke nan, a wata kusan 470. Ko 500 ɗin ma ba zai kai ka wata ba. Ni dai da na sayar da gidan.

Injiniya_Fargo:
@Ɗalibi_Ohio, ƙanena, ka tsorata bawan Allah a banza. Alƙalumanka daidai ne, inda ka ɗora su ne ba daidai ba. Injin ɗumi ba ya ci dare da rana babu tsayawa. Yana kamawa, ɗaki ya kai zafin da aka saita, ya mutu, ya sake kamawa. Wannan 60,000 ɗin iyakar ƙarfinsa ne, ba abin da yake sha kullum ba. Kamar ka ce tunda motarka na iya gudun kilomita 200 a awa, to kullum haka take sha.

Malam Ɗan Zazzau, ga yadda nake yi wa mutane. Masu hasashen yanayi na da wani awo na yawan sanyin gari. Kowace rana a ɗauki matsakaicin zafinta a ma'aunin Farenhait, a cire shi daga 65. Ranar da matsakaicin ya zama 5, an samu 60. A tara na shekara duka. Na Duluth ya haura 9,000, kuma kai da kake arewa da gari ba za ka gaza haka ba. Sai ka ninka da faɗin gidanka: 900 sau 9,000, miliyan 8.1. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace: gidan yana riƙe ɗumi ko kwando ne? Gida mai kyau da aka cusa wa abin tare sanyi a bango da rufi ina ninkawa da 5. Tsohon gida mai iska ina ninkawa da 10. Naka da aka gina don zaman lokacin zafi, bari in yi masa adalci in ba shi 8. Ya ba mu BTU miliyan 65 a shekara.

In injin tsoho ne, kashi 80 cikin 100 na zafin ne ke shiga ɗaki, sauran ya bi bututun hayaƙi. Kowane galan ke nan 73,000 yake ba ka. Raba, za ka ga galan kusan 885 na ɗumi kaɗai. Ƙara 200 zuwa 250 na ruwan zafi, da kamar 50 na girki. Ka tashi da 1,100 zuwa 1,200 a shekara. Kiyasi ne, ba wahayi ba, amma ba zai kauce da nisa ba.

Maman_Hanifa:
Injiniya, da girmanka, galan 50 ɗin nan na girkin wa? Na wanda zai soya ƙwai biyu ya ɗumama miyar gwangwani? Mu da za mu ɗora wake, mu ɗora ganda, ranar Asabar ƙafar sa ta kwana rabin yini a wuta? A Kaduna silindar kilo 12.5 wata ɗaya take yi mini, mu biyar, in azumi ne ma sati uku. Ku masu lissafi ku mayar mini da shi galan.

Injiniya_Fargo:
Na karɓi gyara Hajiya. Galan na furofen bai cika kilo biyu ba, kusan 1.9 ne. Kilo 12.5 ke nan galan shida da rabi, sau goma sha biyu galan 78. Mu ce 100 saboda azumi da baƙi da naman layya. Amma ki lura, wannan na shekara guda bai kai abin da ɗumi zai sha a watan Janairu kaɗai ba. Tukunya ba ita ce ke cinye tankin ba, bango ne.

Maman_Hanifa:
To ai shi ke nan, kada dai gobe a ce mu muka ƙarar. Sannan ruwan zafi kada ku rage masa. Alwala sau biyar, mutum huɗu, a garin da ruwan rijiya ke fitowa kamar an narka ƙanƙara. Yarana in ba ka tsaya a kansu ba sai su sakar wa famfo ya yi ta zuba har ya yi zafi kafin su wanke hannu.

Bakatsine_Winnipeg:
Duk lissafin shekara da kuke yi yana da kyau, amma ba shi ne ke zaɓa maka tanki ba. Janairu ne ke zaɓa. Na farko dai, ba a cika tanki taf. Kashi 80 ake zubawa, saboda ruwan gas ɗin yana kumbura in ya ji zafi. Mai 250 galan 200 yake ɗauka, mai 500 yana ɗaukar 400, mai 1,000 kuma 800. Na biyu, ba a bari ya sauka ƙasa da kashi 30 a hunturu kafin a kira mota. Abin da ke hannunka na gaskiya ke nan rabin sunan tankin ne: 125, 250, 500.

Yanzu ɗauki lissafin Injiniya. Janairu kaɗai na kwashe kusan kashi 18 cikin 100 na sanyin shekara, galan 160, ga ruwa da girki, mu ce galan shida a kwana. Tankin 250 sati uku zai yi maka. Na 500 kwana arba'in. Na 1,000 ya kusa wata uku a tsakiyar sanyi. Su kuma silinda biyun da dattijo ya bar maka, kowace galan 23 da ɗoriya take ɗauka, sati guda ka gama da su. Wanda ya ce maka 250 ko dai bai ji ka ce zama za ka yi ba, ko kuma son zirga-zirga yake.

Ɗan_Zazzau_Duluth:
Allah Ya saka da alheri. Na fitar da 250 daga lissafi. Amma Malam Bakatsine, me ya sa kashi 30? Galan 150 fa ke nan a tankin 500, kuɗina ne a kwance ina kallo.

Bakatsine_Winnipeg:
Bari in ba ka labari, gani ya kori ji. Shekarata ta biyu a wani gida da muka yi haya a wajen gari, tankin na kashi 18, na ce bari albashi ya shigo. Daren nan sanyi ya kai 38 ƙasa da sifili. Wajen ƙarfe uku maiɗakina ta tashe ni, ta ce ji hancin yaron nan. Na je wurin injin, yana ƙoƙarin kamawa yana mutuwa. Na kunna murhu, wutar ta fito ƙanana kamar ta ashana. Na ɗauki tocila na fita, allurar tanki na nan a kan 18, gas bai ƙare ba. Sai na ga farin raɓa ya daskare a jikin tankin daga ƙasa, daidai inda ruwan gas ya tsaya, kamar an ja layi da alli.

Abin da ke faruwa shi ne, gas ɗin a cikin tanki ruwa ne. Sai ya tafasa ya zama iska kafin ya bi bututu, kuma zafin da yake tafasa da shi daga jikin ƙarfen tankin yake zuƙowa, iya inda ruwan ya taɓa. Ruwa kaɗan, wurin zuƙo zafi kaɗan. Furofen na tafasa a 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, 44 a Farenhait. In waje ya kusa haka, kai kuma kana ja, ruwan na ƙara yin sanyi da kansa har ya daina tashi. Mun kwana a mota da inji a kunne, a waje ba a gareji ba, har gari ya waye. Kuɗin kawowa na gaggawa da na biya ya isa in yi wa yara ɗinkin sallah.

Injiniya_Fargo:
Maganarsa dutse. In sa masa alƙaluma: ƙarfin iskar cikin tanki a zafin 70 na Farenhait kusan psi 110 ne (psi ma'aunin matsin iska ne). A sifili ya dawo kusan 24. A 20 ƙasa da sifili kusan 11. Regileta ta farko da ke kan tankin 10 take turawa cikin bututu. Ka ga tazarar ta ƙare. Kuma kada ka ce ai ba za a kai haka ba. Garin Tower da ke arewa da kai shi ke riƙe da tarihin jihar, 60 ƙasa da sifili, ranar 2 ga Fabrairu 1996. Babban tanki amfaninsa biyu, yana ɗaukar gas da yawa, kuma yana da faɗin jikin da zai tafasa shi.

Sabon_Gari_Kano:
Ikon Allah. Mu nan in silinda ta fara ja da baya sai mu girgiza ta, ko mu zaunar da ita cikin bahon ruwan zafi, ta ƙarasa mana tuwo. Ba za ku iya ɗan hura gawayi a ƙarƙashin tankin ba?

Hajiyar_Calgary:
Inna lillahi! @Sabon_Gari_Kano don Allah goge wannan kafin wani ya gwada. Wuta a ƙarƙashin galan 400 na gas? Ko ta gidan ma da kake yi ka daina. Kuma gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya ya bi rami da ƙarƙashin gida yana jiran tartsatsi.

Sabon_Gari_Kano:
Wasa nake Hajiya, a yi haƙuri. Amma da gaske, me ya sa tamu take rage ƙarfi da sanyin safiya lokacin hunturu, alhali ko kusa da sifili ba mu kai ba?

Injiniya_Fargo:
Don ba irinsu ɗaya ba. Na Najeriya gauraye ne, kuma wani gas mai suna biyuten ya fi yawa a ciki. Shi biyuten a wajen sifilin Salshiyos yake tafasa, saboda haka sanyin Jos ko na Kano da asuba ya isa ya sa shi kasala, musamman in silinda ta kusa ƙarewa. Da za ka kawo ta Duluth a Janairu, ko ka buɗe kan gaba ɗaya ba abin da zai fito.

Direban_Tirela:
Ni ta wani gefen zan zo. Ina kan hanya a yankin nan hunturun 2013 zuwa 2014. Masara ta yi yawa a kakar 2013 kuma ta zo da danshi, manoma suka ƙone furofen mai yawa wajen busar da ita. Bututun Cochin da ke kawo gas daga Kanada ya tsaya na wasu makonni. Sai sanyi ya sauko da ƙarfinsa. A Janairun 2014 farashin sari a Conway ta jihar Kansas ya kusa dala biyar galan ɗaya. Na ga tankoki sun yi layi a wurin lodi tun dare, wasu har Texas suka gangara nema. Kamfanoni suka koma zuba wa mutane galan 100 ko 150 maimakon cikawa. Wanda ke da babban tanki ya cika tun Agusta yana gida yana shan shayi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni 1,000 na zaɓa maka.

Damagaram_Montreal:
Haka muka gani nan Quebec a Nuwamban 2019, da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi yajin aiki na kwana takwas. Mafi yawan gaz ɗin lardin a jirgi yake zuwa. Gwamnati ta ce abin da ya rage na kwanaki ƙalilan ne, aka ce asibitoci da gidajen tsofaffi tukuna, manoma suka zo suka zube masara a titi don fushi. Ni da na taso a Zinder, matatar SORAZ na bayan gari amma wani lokaci ka ɗauki butel ɗin kilo shida ka zaga unguwa uku ba ka samu ba, sai na ce ashe abin har nan ya biyo ni.

Akanta_Minneapolis:
Ku tsaya, kowa na cewa 1,000 kamar kyauta ake rabawa. Mutumin nan yanzu ya sayi gida, aljihunsa bai huce ba. Hanya biyu ce. Ko ka karɓi hayar tanki daga kamfani, su kawo su kafa, gyara nasu, kai kuma ba mai zuba maka gas sai su, farashin da suka faɗa shi ne. Ko ka sayi naka, ka kira duk wanda ya fi araha. Saye ya fi riba a doguwar tafiya, amma kuɗi ne dunƙule, ga cikon farko na galan 800 a lokaci guda. Mai 500 shi ne abin da akasarin gidajen ƙauye ke amfani da shi a jihar nan, kuma suna rayuwa. Ka shiga tsarin da su ke lura da tankin su zo da kansu, yanzu har na'ura suke maƙalawa mai aika musu da awon ta waya. Ciko huɗu ko biyar a shekara, shi ke nan. In kuɗin shigarka bai kai wani mataki ba ma akwai tallafin ɗumama gida na gwamnati, ka bincika a ƙaramar hukumarku.

Direban_Tirela:
Akanta, su zo da kansu ta wace hanya? Ɗan Zazzau, faɗa mana, daga kwalta zuwa ƙofarka nawa ne, kuma wa ke kwashe ƙanƙara?

Ɗan_Zazzau_Duluth:
Hanyar burji ce, ƙaramar hukuma na share ta. Daga nan zuwa gida kamar mita 200, da ɗan hawa da kwana ɗaya. Wannan ni zan share, ko in biya maƙwabci.

Direban_Tirela:
To ka ji. Motar gas mai nauyi ce, direba in ya ga hawa da santsi ba zai shiga ba, kuma ba laifinsa, ni ma ba zan shiga ba. Tiyonsu bai fi ƙafa 100 zuwa 150 ba. Duk zuwan da za su yi a hunturu sai ka share hanya da faɗi, ka zuba yashi, ka haƙa turba zuwa tankin. Da 500 sau uku za ka yi wannan tsakanin Disamba da Maris. Da 1,000 sau ɗaya. Ka kuma kafa doguwar sanda mai tuta kusa da shi, don akwai ranar da za ka fito ba ka ga tanki ba sai tudu fari.

Malam_Na_Zango:
Salamu alaikum. Tambaya a gefe, tunda an ambaci cikawa tun Agusta. Na ji ana biyan kuɗin gas na hunturu gaba ɗaya tun lokacin zafi a kan farashi tsayayye, a riƙa kawowa daga baya. Wannan bai shiga sayen abin da babu ba?

Almajirin_Malam:
Malam, wannan ai shi ne cinikin salam da ke cikin littattafan fiƙihu: a biya kuɗi duka a gaba, kaya su zo daga baya, da sharaɗin an san nau'i, an san awo, an san lokaci. Galan kaza, farashi kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. Abin dubawa shi ne ƙananan rubutun takardar, musamman abin da za a yi da ragowar da ba ka sha ba, da tarar jinkiri in biya kaɗan-kaɗan ne. Ya kai wa limaminsu takardar su duba tare. Allah ne masani.

Hajiyar_Calgary:
Mu dawo kan gidan. Ni abin da ya tsaya mini a rai lambar nan 8 da Injiniya ya ba shi. Kuna ta gardamar girman randa, ba wanda ya ce a toshe tsagar da ruwan ke bi. Mu da muka ƙara abin tare sanyi a saman silin, muka liƙe bakin tagogi da ƙasan ƙofa, muka sa labule masu kauri, abin da muke sha ya ragu sosai, har mai kawo gas ya tambaya ko mun yi tafiya. Gidan kamun kifi kuwa na tabbata ƙasansa a buɗe yake, iska na wucewa ta ƙarƙashin daɓen katako. Ka kunna turaren tsinke ranar da ake iska, ka bi bango da shi, ka ga inda hayaƙin ke karkata.

Injiniya_Fargo:
Hajiya ta faɗi abin da ya kamata in fara da shi. In ya sauko daga 8 zuwa 5, ɗumi ya dawo galan 550. In ya canja injin zuwa na zamani mai kashi 95, ya dawo 470. A nan tankin 500 ya zama wadatacce, Akanta ya yi gaskiya. In ya bar gidan yadda yake, Direba ya yi gaskiya.

Ɗalibi_Ohio:
To ya sayi ƙaramar hitar gas ɗin nan mara bututun hayaƙi mana, a sa a falo. An ce ba ta ɓarnar komai, duk zafin a ɗaki yake tsayawa.

Bakatsine_Winnipeg:
Zafin na tsayawa, hayaƙin ma na tsayawa. Dokar Minnesota ba ta yarda a kafa irinta a gidan kwana ba. Ka tuna yadda ake rasa mutane a gida lokacin hunturu, a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga? Iskar nan mai guba ce dai, ba wari ba launi. Ban da haka kowane galan da ka ƙona yana sakin ruwa sama da lita uku a ɗaki, tagogi su yi ta zufa, bango ya yi baƙi. In zai ƙara wani abu, ya sa hitar bango mai shaƙa da fitarwa ta waje, irin wadda ba ta bukatar lantarki. Domin ku sani, in aka ɗauke wuta babban injin nan ko tanki na cike ba zai tashi ba, fankarsa da lantarki take aiki. Kuma ƙararrawar gano wannan iska dole ce, kusa da ɗakin kwana.

Akanta_Minneapolis:
Wannan ya kawo mu kan janareta da kowa ya manta. Babba mai ɗaukar gida duka yana shan kamar galan biyu a awa ko a rabin lodi. Kwana uku babu wuta, galan 140 sun tafi, fiye da rabin abin da ke hannunka a tankin 500. In da janareta irin wannan a lissafi, na janye, 1,000 ne. In ƙarami ne da za a kunna awa biyu a kashe, ina nan kan bakana.

Baba_Na_Bronx:
Mun gudo daga janareta, ga shi mun zo muna lissafin janareta. Ɗana, ba itace a dajin naku ne?

Hajiyar_Calgary:
Baba ya kawo magana. Itace a nan da kod ake aunawa, tsibi mai ƙafa huɗu a faɗi, huɗu a tsayi, takwas a tsawo. Kod ɗaya na busasshen itace mai nauyi yana maye gurbin galan 150 zuwa 200. Amma wanda aka sare bana ba ya ci bana, sai ya shekara yana bushewa. Kuma ka gaya wa kamfanin inshora kafin ka kafa murhun, kada su ji daga baya.

Ɗan_Zazzau_Duluth:
Na je gidan jiya da tef ɗin awo da turaren Hajiya. Hayaƙin bai ma tsaya karkata ba, ƙasan ƙofar baya ya bi ya fice. Na leƙa saman silin, abin tare sanyin bai fi kaurin tafin hannu ba, ɓeraye sun yi gado a ciki. Ga wata sabuwa kuma: mai kamfani ya ce tankin 500 ƙafa 10 zai nisanci gida, na 1,000 kuwa ƙafa 25. In na auna 25 ta gefen da mota ke iya isa, na faɗa kan rijiya. Na tambayi binnewa a ƙasa, maƙwabci ya ce in haƙa ƙafa biyu in gani, dutse ne shimfiɗe.

Injiniya_Fargo:
Ƙa'idar da suke bi sunanta NFPA 58. Gaskiya ne, daga galan 125 zuwa 500 ƙafa 10 ne, daga 501 zuwa 2,000 ƙafa 25. Amma akwai sassauci a ciki: tanki guda ɗaya tilo da bai wuce galan 1,200 ba ana iya kawo shi ƙafa 10, in babu wani tankin da ya haura 125 a cikin ƙafa 25 da shi. Ka tambaye shi wannan, ka kuma tambayi mai duba gine-gine na yankinku, don maganarsu ce ta ƙarshe. Ka tuna tsawonsa ƙafa 16 ne, na 500 kuwa kusan 10.

Akanta_Minneapolis:
Ko kuma ya karɓi hayar 500 bana, kuɗin da ya rage ya zuba a silin da ƙofofi. Kowane ɗigo ɗaya a allurar tankin galan biyar ne. Ya riƙa rubutawa duk Juma'a in ya dawo masallaci. Zuwa Afrilu ya san abin da gidansa ke ci da gaske, ba na Injiniya ba, ba nawa ba. In bai isa ba kamfani su canja masa babba, ko a ƙara na biyu a haɗa.

Bakatsine_Winnipeg:
Hunturun farko shi ne wanda ba ka san gidan ba, ba ka san hanyar ba, ba ka san kamfanin ba. A shi za a yi gwaji da ƙaramin tanki, da yara biyu a ɗaki? Ni ban yarda ba. Kuma in ya kuskura ya ƙare ƙaf, ba zuwa za su yi su zuba kawai ba, sai sun gwada bututun gidan duka ko akwai yoyo, kuma shi zai biya.

Maman_Hanifa:
Ku dai kun yi ta yi. Ita maiɗakin an tambaye ta kuwa? Ita za ta wuni a gidan in ka tafi aiki.

Ɗan_Zazzau_Duluth:
Hajiya, tana karanta duk abin da kuke rubutawa a wayata. Ta ce a gaya wa Bakatsine labarinsa na kwana a mota ya hana ta barci, 1,000 take so ko da za a fasa janareta. Ni kuma Akanta ya fi kwanta mini a aljihu. Masu silin za su zo ranar Talata su yi kiyasi, mai kamfanin gas kuma Alhamis zai zo ya ga wurin da idonsa, zan tambaye shi maganar ƙafa 10 ɗin. Silinda biyun dattijo fa, in mayar ko in ajiye?

Direban_Tirela:
Ajiye, a waje, a tsaye, ba cikin gareji ba. Duba wuyansu akwai kwanan watan da aka buga, in sun tsufa ba mai cika maka sai an sake gwada su. Ranar layya ka ja ɗaya gindin bishiya ka yi babbaka da ita.